Rigar ruwan maharbi: abin da nake dubawa kafin in biya

Shekarar da na fara bin kawuna farautar damina, shi kabido yake yafawa. Wanda bai san kabido ba, saƙar kaba ce kamar tabarma, a haɗe ta daga sama ta zama hula, ta sauko ta rufe baya har ƙwauri. Har yau akan ga tsohon makiyayi da shi jefi-jefi. Ni kuwa da ƙuruciya a kaina na ɗauke shi ƙauyanci. Na tara kuɗin ƙwadago, na tafi kasuwar Yawuri na sayo riga da wando na roba irin na 'yan kabu-kabu, shuɗi mai ƙyalli. Ranar farko muka fita bayan sallar asuba, muka nufi gonakin bakin fadama inda zabi ke tone shuka. Ba mu yi tafiyar rabin awa ba na ji ruwa na bin gadon bayana, alhali ko yayyafi ba a fara ba. Zufa ce. Ga wando yana kuka duk taku, ƙwaras-ƙwaras, kamar ana murza buhun taki. Saura kamar taku hamsin mu isa, zabin suka tashi gaba ɗaya. Kawu bai tanka ba sai da muka zauna gindin wata ƙirya, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, wagga riga taka ta riga mu sallama."

Tare ruwan sama ba wuya. Ko buhun leda ka huda ka zura kai, zai tare. Wahalar maharbi ita ce ya samu rigar da za ta tare ruwan sama ba tare da ta dafa shi a cikin nasa ruwan ba, ba ta tona masa asiri wurin nama ba, ba ta kuma jawo masa tambaya a shingen jami'an tsaro ba. Na yi asarar kuɗi sau uku kafin in gane haka, shi ya sa nake son wanda zai saya bana ya tsallake ramukan da na faɗa.

Kafin ka taɓa aljihu, tambayi kanka wace irin farauta kake yi da damina. Mu nan yawancinmu ba ma shiga dawa sosai a wannan lokaci. Babbar farauta ta rani ce, bayan an kawar da amfanin gona. Da damina nama na da ciki ko goyo, zabi na kan ƙwai, manyanmu kuma ba sa son a taɓa mai 'ya'ya. Abin da ya rage shi ne tsaron gona daga birai da gyado, da ɗan neman na miya, da tsuntsayen ruwa a fadama. Wannan aikin kashi biyu ne. Akwai mai dako, wanda zai hau rumfa ko ya laɓe a bakin gona awa huɗu bai motsa ba. Akwai mai yawo, mai bin sawu, wanda ruwa ke yi wa rana domin ƙasa ta yi laushi, sawu ya fito raɗau, ganye ya daina ƙara. Mai dako ruwan sama ne abokin gabarsa, da sanyin da ke biyo baya. Mai yawo zufa ce. Riga ɗaya ba ta cika gamsar da su duka biyu ba, kuma mai shago ba zai gaya maka haka ba.

Rigunan da za ka tarar a Jega ko Birnin Kebbi ko Zuru iri uku ne, ko da launinsu ya kai ɗari. Ta farko roba ce zalla, wadda ake rubuta wa PVC. Ita ce mafi araha, ita ce kuma ruwa ba ya ratsawa ko kusa, ko da za a kwana ana zuba kamar da bakin ƙwarya. Amma kamar yadda ba ta barin ruwa ya shiga, haka ba ta barin tururin jiki ya fita. Tana da nauyi, tana da ƙara, tana da wari, idan ta sha rana kuma sai ta bushe ta tsage a wuraren lanƙwasa. Matsalar tsohuwa ce. Charles Macintosh, mutumin Sikotilan da ya yi rajistar yadi mai roba a tsakiya a 1823, tun a zamaninsa masu saye suke kukan wari da zafi. Ga mai dako a kan rumfa, roba mai taushi ba laifi. Ga mai yawo azaba ce.

Ta biyu yadin nailan ne ko foliyesta da aka yi wa shafe ta ciki, wani siririn shafe mai santsi da ake rubuta wa PU. Ba ta da nauyi, tana naɗuwa ta shiga jaka, ita ce kuma ta fi yawa a dilar gwanjo. Ta uku ita ce mai tsada, wadda aka manna wa wani tantani a tsakanin yadi. Wanda ya fi suna a cikinsu Gore-Tex ne, wanda ya samo asali daga binciken Bob Gore a Amurka a 1969. Tantanin cike yake da ƙofofi ƙanana da ɗigon ruwa ba zai iya bi ba, amma tururi yana bi ya fita. Hikimar gaskiya ce, na saka na gani. Sai dai akwai abin da ba a faɗa wa mutumin ƙasa mai zafi. Tururi ba ya fita sai in cikin rigar ya fi waje ɗumi da laima. A ƙasar sanyi haka abin yake kullum. A fadamar Yawuri cikin watan Agusta, lokacin malka, iskar waje da kanta a jiƙe take kuma da ɗumi, to ina tururin zai tafi? Sai ya tsaya a jikinka. Na ga wanda ya zuba kuɗin tunkiya a irin wannan riga ya dawo sharkaf, yana rantsuwa jabu aka sayar masa. Ba jabu ba ce, ba ƙasarta ba ce kawai. Saboda haka ni a wurina, ƙofar iska ta fi sunan kamfani. Rigar da ke da zif a ƙarƙashin hammata, ko tsaga a baya da aka rufe da leɓatu, ko wadatar faɗi da iska za ta shiga ta ƙasa ta fita ta wuya, ta fi wadda ta matse ka komai tsadarta. A nan ne na gane kabidon kawu ba wauta ba ne: ruwa na zirarewa ta baya, iska na kaɗawa ta gaba.

Akwai kabidon zamani, mai kama da babbar riga marar hannu, wuya a tsakiya, wadda ake ce wa fonco. Tana rufe mutum da jakarsa da bindigarsa, tana shan iska, in dako ya yi tsawo ka ɗaure ta a reshe ta zama rumfa. Aibinta biyu: iska na kaɗa ta, motsin kuma yana korar nama, sannan a cikin sarƙaƙiya ba ƙayar da ba za ta gaisa da ita ba. Igiya a ƙugu tana rage na farko. Na biyu ba shi da magani.

Yanzu lambobi. A jikin takardar wasu riguna za ka ga 3,000mm ko 5,000mm ko 10,000mm ko 20,000mm. Kada ka haɗa wannan da ma'aunin ruwan sama da ake faɗa a rediyo, inda ake cewa ƙasar Yawuri da Zuru kan samu wajen milimita 1,000 a shekara, Argungu kuma ƙasa da haka. Wannan daban. Bututu ake kafawa a tsaye a kan yadin, a yi ta ɗura ruwa har nauyinsa ya sa ya fara tsattsafowa ta ƙasa. Tsayin da ruwan ya kai shi ne lambar. 10,000mm ke nan mita 10, kusan tsayin bene mai hawa uku. Daga 1,500 ake fara lissafa yadi a cikin masu tare ruwa, amma wannan na mai tsayuwa ne a yayyafi. Maharbi yana durƙusawa, yana zama a kan jiƙaƙƙen kututture, yana rataye bindiga da jaka a kafaɗa, duk inda aka danna kuwa ana tura ruwa ne cikin yadi da ƙarfi. Shi ya sa gwiwa da mazaunai da kafaɗa suke fara jiƙewa. Ga riga, 10,000 ta wadatar da ni. Ga wando ina son abin da ya kai haka ko ya fi. Wata lambar kuma da harafin g take zuwa, misali 10,000g, tana nufin giram nawa na tururi ke ratsa murabba'in mita ɗaya a awa 24. Raba ka gani: bai kai rabin lita a awa ba, a ɗakin gwaji ma ke nan, alhali mai tafiya da sauri cikin zafi yana iya zubar da lita guda ta zufa a awa. Ban da haka, takarda ba ta ƙin tawada. Rigar da ba a san wanda ya yi ta ba tana iya ɗaukar kowace lamba.

Don haka ni da buta nake ciniki. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan ko a gulbi ka faɗa." Ka ce to, a ba ka ruwa. Wanda ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama. Ka fara zuba kaɗan a bayan yadin. Idan ruwan ya dunƙule yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza, maganin korar ruwa da aka fesa wa bayan rigar yana nan da ransa. Idan ya baje, yadin ya yi duhu, maganin ya tafi. Wannan kaɗai ba ya nufin za ta yi yoyo, amma za ta sha ruwa ta yi nauyi, ta manne maka da sanyi, numfashinta kuma ya toshe. Daga nan ka yi ɗan kwari da yadin a tafin hannunka, ka cika shi da ruwa, ka tattara bakin ka matsa kamar mai tatsar kindirmo a tsumma, ka dubi ƙasan. Kada ka zaɓi tsakiyar baya inda ba abin da ke taɓawa. Kafaɗa za ka gwada, da wuya, da kan ɗinki.

A ɗinki ake kama ɓarawo. Kowace allura rami ta bari, riga ɗaya kuwa tana da dubbansu. Juya rigar ciki waje. Ta kirki za ka ga an bi bayan kowane ɗinki da siririn tef an manne shi da zafi. Wasu a kafaɗa da hula kawai suke mannawa su bar sauran, don rage kuɗi. Sa farce ka ɗan taɓa bakin tef ɗin. In ya ɗago, ko ya yi rawaya yana karyewa, ajiye ta. Ta roba kuwa ba ɗinki ake so a gani ba sam, narkawa ake yi a haɗe, don haka ka ja mahaɗin da hannu biyu ka ga ko zai buɗe baki. Hammata da tsakanin cinyoyi su ne suke fara yagewa.

Asarata ta biyu a gwanjo na yi ta, kuma laifina ne. Na samu wata riga ruwan ƙasa, mai kyan gani, ɗinkin Turai, na biya ba ko tayi mai yawa don kada wani ya riga ni. Ban juya cikinta ba. Kwana uku da fara sawa na ga wani farin gari a kafaɗun rigata ta ciki kamar dusa. Shafen ne ke zuba. Shi wannan shafe na PU yana da ajali: laima da zafi suna cinye shi ko ana sawa ko ba a sawa, rigar da ta yi shekaru a gidan mai ita, ta kuma yi watanni a matse cikin dila, sau da yawa ta riga ta mutu kafin ta iso. Alamunsa uku ne, kuma ba sa ɓuya. Shafa tafin hannu a ciki, in ka ji danƙo yana kama ka, ya fara ruɓa. Sunsuna, in ka ji wani tsami-tsami mai tayar da zuciya, ya yi nisa. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta, in ka ga haske na ɓullowa tsilli-tsilli ko wuri ya fi wuri haske, an gama. Wanda ya tsallake waɗannan ukun, gwanjo ta fi sabuwar leda nesa ba kusa ba, ni ma yanzu a can nake saye.

Sai sauti. Kasuwa da hayaniya, ba za ka ji komai ba, don haka ka ja rigar zuwa bayan rumfa. Goga hannu da hannu, goga hannu da ƙirji, ka kai kunne. Sa ta ka taka. Yadi mai ɗan gashi-gashi a baya kamar karan-miski ya fi shiru, shi ake yi wa maharba a ƙasashen waje, amma a dajinmu yana kwasar ƙarangiya da 'ya'yan ciyawa, yana kuma jinkirin bushewa. Ni na fi son yadi mai taushi marar ƙyalli, wanda ya riga ya sha wanki ya saki jiki. Ka lura da maɗaurin nan mai kama da ƙarangiya da ake sa wa aljihu da bakin hannu, wanda in ka ɓalle shi yake cewa ɓarrr. A cikin shirun asuba ana jin sa daga nesa. Na aljihu nakan sa tela ya cire ya sa maɓalli. Kan zif na ƙarfe da ke kaɗawa yana ƙyal-ƙyal kuma, ɗan zare ya ishe shi.

Kada ka saya ba ka ɗaga hannu ba. Yi kamar ka kai bindiga kafaɗa, ko ka ja baka. In bayan rigar ya ɗaure ka, ko hannun ya zame ya bar tsintsiyar hannu a waje, ƙara girma. Tsuguna. In wandon ya yi ƙara a tsakiya, a daji zai ƙarasa. Ka gwada naɗe hannun zuwa gwiwar hannu, domin azahar za ta same ka a dawa, kuma rigar da sai ka tuɓe ta cikin ruwa kafin ka yi alwala za ta gundure ka. Zif ɗin gaba ya kasance da marfi a kansa, aljihu ma bakinsa ya kalli ƙasa ko ya samu marfi, in ba haka ba guga ka rataya. In ka ga YKK, sunan wani kamfanin yin zif, a kan zif ɗin, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana kwaikwayonsa. Ƙarfin yadi kuma, wani lokaci za ka ga lamba da harafin D, kaurin zare ke nan. 20D ko 40D na masu hawan dutse ne da ke ƙirga nauyi, farar ƙaya ɗaya za ta gama da shi. Daga 70D zuwa sama ake magana, wando ma ya fi son 150D ko fiye. Yadin da aka yi wa saƙa mai gidan dara yana tsayar da yagewa kada ta yi tafiya.

Maganar launi ita ce wadda ba na wasa da ita, kuma a nan shawarar maharban Turai da Amurka za ta iya kai ka ta baro. Su rigar dabbare-dabbare irin ta soja suke sawa, dilolin gwanjo kuma cike suke da ita, da araha. Kada ka saya. Ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa. Dokar Najeriya ta hana farar hula sa kakin soja, rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kai, sannan kowa a Kebbi da Zamfara ya san su wane ne kuma suke yawo da irin wannan kaya a daji. Mutum ya ɓullo daga cikin gero da magariba, da bindiga, da rigar dabbare-dabbare, hula ta rufe fuska: wanda ya hango shi ba zai tsaya tambayar sunan ubansa ba. Baƙa wuluk ma ina guje mata saboda wannan dalili, ga shi sauro na son duhun kaya. Shuɗi kuma, ban da ƙyalli, shi da baƙi su ne launin da ake yin tarkon tsando da su, don haka a kurmin bakin gulbi gayyata ce. Dabbobi masu kofato ba su cika bambance ja da kore ba, amma shuɗi yana fito musu. Tsuntsaye kuwa sun fi mu ganin launi. Abin da ya rage shi ne ruwan ƙasa, ko ruwan toka mai duhu, ko kore marar haske, launi ɗaya bai ɗaya, wanda bai yi kama da kakin kowa ba. Dama rigar maharbanmu ta gado ruwan ƙasa ce. In kuna fita da yawa ko da karnuka, ɗan jan ƙyalle a hula yana sa ɗan'uwanka ya gane mutum ne a cikin ciyawa. Kuma komai kyan rigarka, kada ka fita ba ka sanar da Sarkin Baka da mai gari inda ka nufa ba, ka bar dajin da aka ce a bari.

Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin riga da wando, wando zan ɗauka. Mutane na mamaki in na faɗi haka. Ruwan sama yana zuwa ya wuce, wani lokaci a yi kwana uku ba a yi ba. Raɓa kuwa kullum tana nan. Ka ratsa gamba ko gonar dawa da sassafe a watan Satumba, kafin ka yi taku ɗari ka jiƙe daga ƙugu zuwa ƙasa kamar wanda ya tsallaka rafi. A wando ba na ƙin roba mai kauri ko nailan mai nauyi, saboda ƙafa ba ta damuwa da zafi kamar ƙirji, ita ce kuma ke karo da gumbi da ƙaya. Sai dai ya zama mai taushi, mai faɗin ƙafa da zai shiga ta kan takalmi. Ƙafar wando a waje take zama, a kan takalmi. In ka cusa ta ciki, duk ruwan da ya gangaro a takalmin zai taru.

Takalmin ruwa ya kai ƙasan gwiwa, ya kuma ɗara ƙafarka kaɗan don safa ta samu wuri. Lanƙwasa shi a wurin yatsu ka duba ko akwai tsaga, ka dubi ƙasansa ko yana da haƙoran da za su kama laka. Amfaninsa bai tsaya ga ruwa ba. Damina lokacin maciji ce, kububuwa da kasa kuwa a ƙasa suke kwanciya, yawancin sara a ƙafa ne da idon sawu. Roba mai kauri tana rage haɗari sosai, ko da yake ba laya ba ce. Kullum da safe ka kife shi ka kakkaɓe saboda kunama. Ka riƙe safa biyu, ɗaya a ƙafa ɗaya a leda, in ka dawo ka wanke ƙafa ka busar da tsakanin yatsu, in ba haka ba cin ruwa zai zaunar da kai mako guda. Ga masu bin dinya da kirinjijiya a kwalekwale, ta wajen Yawuri da Ngaski inda ruwan Kainji ya yi faɗi, shawarata daban ce: cire dogon takalmi kafin ka shiga jirgi, kada ka sa doguwar riga mai naɗe ƙafa, ka ɗaura rigar ceto a sama. Jirgi in ya kife, takalmin da ya cika da ruwa ba ya barin mutum ya yi iyo.

Hular da ke jikin riga tana da amfani in ruwa ya tsuge, amma tana toshe kunne, ɗigon ruwa na buga ta kamar ganga, in ka waiga kuma sai ka ga cikin hula maimakon daji. In za ka saya, nemi mai igiyar tsukewa ta baya, wadda ke juyawa tare da kai. Ni dai malafa nake ɗorawa a yayyafi. Tana kare ido, kunne na waje.

Abin da ke ƙarƙashin rigar ma rabin aiki ne. Auduga tana shan zufa ta riƙe, da ka zauna iska ta buso sai ka fara kaɗuwa, a watan Agusta ma. Rigar 'yan ƙwallo ta foliyesta, marar haske, ta fi, domin tana bushewa a jiki. Mai yawo kuma kada ya sa rigar ruwa tun daga gida don ya ga hadari. Naɗe ta a jaka, sai ruwa ya sauko.

Akwai abubuwan da suka fi jikinka tsoron ruwa. Albarushi yana jan laima ko ruwa bai taɓa shi ba, don haka gorar roba mai murfin murɗawa, a cikin leda, a aljihun ciki. Haka ashana, da waya, da takardar lasisi. Bakin bindiga ya kalli ƙasa a ƙarƙashin riga, amma ka kiyaye kada ya caki laka, bindigar da bakinta ya toshe tana iya fashewa a hannu. In an fara walƙiya da tsawa, ba rigar da za ta yi maka komai. Sauka daga rumfa, ajiye ƙarfe nesa da kai, ka nisanci giginya ko duk itacen da ya tsaya shi kaɗai a fili, ka fita daga ruwa.

Riga mai kyau tana iya yin damina biyar in an kula da ita, tana iya mutuwa a ɗaya. Kada a haɗa ta da wankin gida. Garin sabulun wanki yana kashe maganin bayan yadi, yana barin ƙamshin da nama ke shaƙa daga nesa, bula da bilic kuwa ba su da wuri a nan. Ruwa zalla da soso ya isa ga laka. In ta yi datti sosai, ɗan sabulu marar ƙamshi, a ɗauraye sau uku, kada a murɗe, a shanya a inuwa ciki da waje. Mai tantani tana son wanki jefi-jefi, domin maiƙon jiki yana toshe ƙofofinta, kuma ɗan ɗumin dutsen guga ta kan wani ƙyalle yana farfaɗo da maganin bayanta in takardar jikinta ta yarda. Ta roba ko kusa da wuta kada ta je. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana cin roba da shafe, ka bari hannunka ya bushe kafin ka taɓa ta.

In ta huje, kada ka ruga wurin tela kai tsaye, allurarsa sababbin ramuka za ta ƙara. Ƙaramar huda faci take so ta ciki, da gam da guntun yadi irin nata. In yagewar ta kai a ɗinka, a ɗinka, sannan a bi bayan ɗinkin da gam. Takalmin roba na gaske mai facin taya zai gyara maka da sholisho da guntun tub, na PVC kuma sai masu narka roba da wuƙa mai zafi. Da kaka ta yi, ka tabbata komai ya bushe ƙarau, ka rataye a ɗaki inda iska ke shiga, nesa da kwanon rufi da buhunan hatsi saboda ɓera. Tawa ta uku a cikin leda na ƙulle ta da ɗan danshinta, na jefa bayan gado. Da na buɗe a watan Mayu, fumfuna ta cinye ta, hannayen sun manne da juna.